Gungume, Katako da Benci: Aikin Zarton Inji a Ƙasar Gaya

Kowace shekara, idan damina ta kama, iskar hadari takan kayar da itatuwa a ƙasar Gaya. Da safe sai a tarar da dogon yaro kwance a bakin hanya, ko mangwaro ya faɗi cikin garka. Me muke yi da irin wannan itace? Galibi sai a taru da gatura, a faskara shi, a kai murhu. Kafin wata guda ya zama toka. Alhali kuwa itacen da ya shekara talatin yana girma yana iya ba da ƙofa, da tebur, da bencin da jikoki za su zauna a kai.

Yanzu zarton inji ya shigo garuruwanmu. Muna jin kukansa a bayan gari da bakin kogi. Aikin da masu gatari huɗu za su wuni suna yi, shi yakan gama kafin hantsi. Wannan abin farin ciki ne. Amma akwai abin lura: inji yana da sauri, itace ba ya da sauri. Inji yakan kayar da itace cikin minti goma, itace kuwa sai ya yi shekaru da yawa kafin ya kai girman gungume. Saboda haka ribar wannan sana'a tana wurin rage ɓarna: a sare kaɗan, a fitar da katako mai yawa, a busar da shi da kyau, mai aiki kuma ya koma gida da yatsunsa goma. Bari mu bi aikin daki-daki.

Itatuwan da muke da su

Ƙasar Gaya ta fi kowane yanki na Nijar samun ruwan sama. A shekarar da damina ta yi daidai, ruwan yakan kai wajen milimita 800. Shi ya sa ake samun itatuwan da ba a gani a arewa, kamar madobiya, da maje, da kaɗanya, da ɗorawa. Kusa da garin Gaya akwai gandun dajin Goru Basunga, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa. Wannan daji ba wurin shiga da zarto ba ne.

Babbar dukiyarmu ta itace ita ce giginya. Kurmin giginya na Dallol Mawri, wanda ya ratsa ƙasashen Junju, Yelu, Bana, Bengu da Tunuga, ya kai wajen hekta 30,000. Daga nan ake kai azara har Dosso da Yamai. Giginya iri biyu ce, namiji da mace. Macen ce ke ƴaƴa, daga ƙwallonta ake samun muruci. Namijin ya fi tauri, shi magina suka fi so. Idan giginya ta yi kamar shekara 25, sai ta yi ciki a tsakiyarta. Sashen da ke ƙasa da cikin nan shi ke ba da azara mai ƙarfi. Ƙarfin giginya yana bayanta, wurin baƙaƙen zarurruka. Tsakiyarta kuwa laushi gare ta, ba ta da amfani ga gini. Don haka giginya ba ta ba da faffaɗan katako. Azara take bayarwa, wadda gara ba ta ci da sauƙi.

A da, hukuma kaɗai ke da iko da giginya, manomin da take tsaye cikin gonarsa ba ya da ta cewa. Mutum kuwa ba ya kiwon abin da ba nasa ba. A shekarun 1990, da taimakon ƙasar Suwis da ƙungiyar kare halittu ta duniya UICN, aka yi wani shiri wanda ya sa mutanen ƙauyuka cikin kulawa da kurmin, da sayar da azara, da raba kuɗinta. Darasin da aka koya shi ne, wanda ke cin amfanin itace shi ya fi tsare shi.

Katakon da kafintocinmu ke aiki da shi, da yawansa daga kudu yake zuwa: daga Benin ta Malanbil, ko daga Najeriya ta Kamba. A shekara ta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, manyan motoci suka daina ƙetarawa. Wannan ya tuna mana cewa abin da ke zuwa daga nesa yana iya yankewa dare ɗaya. Ya kamata mu san yadda za mu sarrafa ɗan abin da ke hannunmu.

To, wane itace ya dace da zarto? Na farko, wanda iska ta kayar ko wanda ya mutu a tsaye. Na biyu, wanda mutum ya dasa da hannunsa, kamar dogon yaro, da turare, da tsohon mangwaron da ya daina ƴaƴa. Dogon yaro ɗan'uwan maɗaci ne, katakonsa ja-ja ne, ƙwari kuma ba su faye damunsa ba. Turare yana miƙewa sosai, amma yakan tsage idan ya bushe da gaggawa. Kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da gawo kuwa, amfaninsu a tsaye ya fi amfaninsu a kwance: man kaɗe, kalwa, tsamiyar kunu, da abincin dabbobi da takin gona. Wanda ya sare su don katako ya sayar da saniya don ya sayi nono.

A fara da izini

Kafin a ɗauki inji, a fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji. Dokar daji ta Nijar, mai lamba 2004-040, ta ranar 8 ga Yuni 2004, ta tsara yadda ake sare itace da sayar da shi. Akwai itatuwan da doka ta kare, ba a taɓa su sai da izini na musamman. Giginya tana cikinsu, haka gawo da kaɗanya da maɗaci. A watan Yuli na 2020 kuma gwamnati ta fitar da wata doka game da sassaben zamani, wato renon itatuwan da ke tsirowa da kansu cikin gona. Ta amince cewa manomin da ya rene su yana da haƙƙin cin amfaninsu. Duk da haka, tambaya ba ta ɓata kowa. Ko da iska ce ta kayar da itacen, a sanar, a karɓi takarda, a ajiye ta cikin aljihu lokacin aiki da lokacin ɗaukar kaya. Takarda ɗaya ta fi tara da ƙwace inji sauƙi.

Kada mu ɗauka wannan takura ce kawai. Mu dubi abin da ya sami madobiya. Ƴan kasuwa sun yi ta kwasar gungumenta daga Benin da Najeriya da maƙwabtansu, ana lodi a jiragen ruwa zuwa ƙasar Sin, har ta yi ƙaranci. A 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin jerin itatuwan da ake sa ido a kan cinikinsu, a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. A 2022 aka dakatar da fitar da ita daga ƙasashen yankinmu. A ƙarshen wannan shekarar aka sa maɗaci da kawo cikin jerin. A ƙasar Gana kuma, tun 1998 doka ta hana tsaga katakon sayarwa da zarton inji, saboda yawan ɓarnar da yake yi. Idan ƙasashen da ke da kurmi sun ga haka, ina ga mu da ke bakin Sahel?

Injuna da bambancinsu

Zarton inji ba sabon abu ba ne a duniya. Tun shekarun 1920 ake ƙera irin na yanke itace a ƙasar Jamus. Yana da sarƙa mai haƙora, wadda ke zagaya wani dogon ƙarfe mai faɗi. A nan za mu kira wannan ƙarfe takobi. Akwai hanyoyi uku na mai da gungume katako a wurin da ya faɗi.

Hanya ta farko ita ce tsagawa da hannu kawai. Mai aiki ya ja layi, ya bi shi da bakin takobi. Wannan ita aka fi gani, ita ce kuma ta fi ɓarna da haɗari. Katakon yakan fito da tudu da kwari, wani wuri kauri, wani wuri siriri. Kafinta sai ya fere da yawa kafin ya daidaita.

Hanya ta biyu ita ce a ɗaura wa takobin wani ƙarfen jagora. Ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, wanda ke zamewa bisa gungume, yana riƙe takobi a kwance. Ana ɗaga shi ko a sauke shi gwargwadon kaurin da ake so. Mai walda da ya iya aiki yana iya ƙera shi. Da wannan katako yakan fito daidai, haɗari kuma ya ragu, domin bakin takobi ba ya yawo.

Hanya ta uku ita ce injin tsaga mai tafiya. Zartonsa siririyar ɗamara ce ta ƙarfe, tana zagaya ƙafafu biyu. Gungume yana kwance bisa gado, zarton yana tafiya bisa dogo kamar jirgin ƙasa. Ana jan injin da mota zuwa inda itace yake. Wani kamfanin Amurka mai suna Wood-Mizer ya fara sayar da irinsa a 1982. Yana da tsada, ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ƙungiya tana iya haɗa kuɗi ta saya.

Ga babban bambancin. Duk lokacin da zarto ya ratsa itace, yana cin wani sashe, ya mai da shi gari. Sarƙa takan ci kusan santimita 1. Ɗamara kuwa wajen milimita 3 take ci. Mu yi lissafi tare. A ce gungume yana da kaurin santimita 40. Idan an fere gefensa huɗu, abin da ya rage zai kai santimita 28. Muna son katako mai kaurin santimita 2 da rabi. Da sarƙa za mu sami katako 8. Da ɗamara za mu sami 10. Ke nan a kowane gungume katako 2 sun zama gari. A gungume 10, katako 20 ne. Wannan ya nuna mana abu guda: mai zarton sarƙa ya fi riba idan ya fitar da kaya masu kauri, kamar ginshiƙi da allon benci, domin yanka ba ya yawa. Siraran katako a bar wa ɗamara.

Yadda ake tsaga gungume

1. A duba itacen da kyau. Itacen bakin hanya da na kasuwa yakan ɓoye ƙusa da waya cikin jikinsa. Ƙusa ɗaya tana iya karya haƙoran sarƙa, ta watso su ga fuskar mai aiki.

2. A yanke gungume daidai tsawon da ake bukata, a ƙara kamar tafin hannu, domin bakunan sukan tsage.

3. A ɗaga shi daga ƙasa, a ɗora bisa gajerun itatuwa biyu, a tokare shi kada ya mirgina. A share yashi da laka daga ɓawonsa. Yashi shi ne babban maƙiyin sarƙa.

4. A kafa miƙaƙƙen katako ko tsani bisa gungumen. A kansa ƙarfen jagora zai zame a yanka na farko. Idan yanka na farko ya karkace, duk sauran za su bi shi. A tabbata ƙusoshin da aka kafa ba su kai inda takobi zai bi ba.

5. A riƙa tura inji sannu a hankali. A bayansa a riƙa cusa ƙananan tsinkunan itace cikin tsagar, don kada nauyin katako ya matse takobi.

6. A lura da garin da ke fita. Idan yana fita da ɗan kauri, sarƙa tana da kaifi. Idan ya koma ƙura mai laushi, ko hayaƙi ya tashi, a tsaya a wasa haƙora. Giginya da ƙirya sukan dakusar da sarƙa da wuri.

Game da mai: injin nan yana shan fetur da aka gauraya da man inji na musamman. Kamfanoni da dama sun ce a zuba kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 100 cikin lita 5. A duba littafin injin, a bi abin da ya ce. Fetur na kwalba a tace shi da tsumma mai tsabta. Sarƙa kuma tana da nata mai dabam. Kada a zuba mata baƙin man da aka juye daga mota. Yana cinye ƙarfe, yana ɓata katako, yana kuma cutar da fata.

Busar da katako

Nan ne mutane da yawa ke asara. Ɗanyen itace cike yake da ruwa. A wasu itatuwa ruwan yakan kai rabin nauyinsu. Idan ruwa yana fita, katako yana tsukewa. In aka jingina shi a rana, gefe ɗaya ya riga ɗaya bushewa, sai ya lanƙwashe kamar baka, ko ya tsage. Iskar hunturu ta fi kome yin wannan ɓarna. Ga yadda za a yi:

A sami inuwa mai iska, kamar rumfa ko zaure mai ƙofa biyu. A yi gado da bulo ko duwatsu, tsayinsa kamar kamu ɗaya daga ƙasa, saboda gara da damshi. A jera katako a kwance. Tsakanin jeri da jeri a gitta siraran sanduna busassu, kowace rabin mita, ta sama tana daidai da ta ƙasa. Ta nan iska za ta bi. A shafa wa bakunan katako fenti ko kakin zuma, domin ta baki ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga ke farawa. A ɗora duwatsu masu nauyi a sama.

Yaya za a san ya bushe? A zaɓi katako ɗaya, a yi masa alama, a auna nauyinsa a sikeli kowane mako, a rubuta cikin littafi. Nauyin zai riƙa raguwa. Ranar da ya yi makonni uku bai sauya ba, katako ya bushe. Wannan yakan ɗauki watanni, mai kauri kuma ya fi daɗewa. Sannu ba ta hana zuwa. Ƙofar da aka yi da ɗanyen katako, kafin rani ya fita ta buɗe baki.

Yadda ake sassaƙa benci

Sassaƙa tsohuwar sana'armu ce. Masassaƙa suna fitar da turmi da akushi da kujera daga gungume ɗaya, da gatari da gizago. Zarton inji bai zo ya kashe wannan sana'a ba. Shi yana yin aikin ƙarfi, gizago ya yi aikin kyau. Benci kuma shi ne abin da ya fi dacewa da karkataccen gungume, wanda ba zai ba da miƙaƙƙen katako ba.

Benci mafi sauƙi shi ne na rabin gungume. A sami gungume mai tsawon mita 2 da kaurin santimita 30 zuwa 35. A tsaga shi biyu a tsawonsa. Kowane rabi benci guda ne, ke nan yanka ɗaya ya ba da benci biyu. Shimfiɗaɗɗen gefe shi ne wurin zama. Don ƙafafu, a yanko gajerun gungume biyu daga manyan rassa. A saman kowanne a yi kwari, inda bayan bencin zai zauna daram. Ana yin kwarin ta hanyar yin ƙananan yanka kusa da juna, sannan a ɓalle tsakaninsu da gizago. A sa ƙafafu kamar taƙi ɗaya daga kowane baki. Daga ƙasa zuwa wurin zama ya zama santimita 45, wato tsayin gwiwar babban mutum. Bencin mita 2 yana ɗaukar manya 4.

Akwai kuma benci mai majingina, wanda ake fitarwa daga babban gungume ɗaya. A zana layi biyu da gawayi a tsawonsa. A yi yanka ɗaya daga sama zuwa tsakiya, ɗaya daga gefe zuwa tsakiya, har su haɗu. Sashen da ya fita kamar yankan kankana yake; a ajiye shi, zai yi ginshiƙi. Abin da ya rage yana da wurin zama da wurin jingina. A ɗan kwantar da majinginar baya don zama ya yi daɗi. A bar tafin hannu biyu a kowane baki ba a yanka ba, su zama wurin ɗora hannu. Wannan aiki na gwanaye ne, domin akan yi shi da bakin takobi. Sabon hannu ya tsaya ga na rabin gungume.

Bayan haka a cire ɓawo duka, domin ƙarƙashinsa ƙwari ke zama. A kashe kaifin kusurwoyi kada su yage tufafi ko ƙafar yaro. A goge da takardar yashi. Idan ya bushe, a shafa masa mai ko fenti. A ɗora ƙafafunsa bisa duwatsu, kada su taɓa ƙasa. Benci mai kauri yakan ɗan tsage a baki yayin da yake bushewa. Wannan ba ya hana shi ƙarfi. Irin wannan benci yana da kasuwa a makarantu, da tasha, da wurin mai shayi, da ƙofar asibiti inda majinyata ke jira.

Kare lafiyar mai aiki

Sarƙar inji tana gudun wajen mita 20 cikin daƙiƙa ɗaya. Ba ta san bambancin itace da ƙashi ba. Na taɓa ganin wani saurayi da aka kawo asibiti bisa amalanke. Yana yanke reshe ne, bakin takobi ya taɓa wani reshen da ke baya, inji ya yi tsalle ya same shi a kafaɗa. Ya rayu, amma damina biyu bai riƙe hauya ba. Wannan shi ne harbin inji. Yana faruwa ne idan sashen sama na bakin takobi ya taɓa wani abu. Kafin ƙiftawar ido takobi ya taso wajen fuska. Ga abin da za a kiyaye:

A riƙe inji da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi. A tsaya ɗan gefe, kada fuska ta yi daidai da takobi. Kada a yi yanka sama da kafaɗa, kada a hau tsani da inji. A tabbata birkin sarƙa yana aiki. A tayar da inji a ƙasa, an taka shi da ƙafa.

Babbar riga da rawani da gyale ba kayan wannan aiki ba ne. Sarƙa tana iya fizgar su. A sa tufafi masu kama jiki, da takalmi rufaffe mai kauri, da safar hannu, da tabarau. Silifa ba takalmin aiki ba ne.

A toshe kunne. Likitoci sun ce ƙarar da ta wuce ma'auni 85 tana lalata ji idan an daɗe cikinta. Ta zarton inji ta wuce 100. Jin da ya tafi ba ya dawowa. A rufe hanci da baki, domin ƙurar katako tana kawo tari da asma, shaƙarta shekara da shekaru kuma tana iya kawo ciwon daji a cikin hanci.

Kada a yi aiki mutum ɗaya a daji. Idan za a kayar da itace, mutane su yi nisa aƙalla ninki biyu na tsayinsa, yara kuma a kore su gaba ɗaya. Mai yanka ya share hanyar gudu tun kafin ya fara. Kada a zuba fetur inji yana da zafi, ko kusa da taba. Wanda ya gaji ya huta. Wanda ya sha ƙwaya don ƙarin ƙarfi kada ya taɓa inji, domin ƙwaya tana ɗauke hankali.

Idan tsautsayi ya auku, a kashe inji. A danne raunin da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Idan jini ya jiƙa tsumman, a ƙara wani a kansa. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko man inji, ko kashin shanu. A garzaya asibiti. A can za a ɗinke, a kuma yi allurar rigakafin tetanus, ciwon nan da ke sanƙarar da jiki ya datse haƙora. Mai wannan sana'a ya kamata ya yi allurar tun kafin ya ji rauni. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya sare ya dasa

Ƴan'uwa, kome iyawarmu da inji, sana'ar za ta tsaya ranar da gungume ya ƙare. Dogon yaron da ke ba mu inuwa a titunan Gaya, wasu ne suka dasa, suka yi ta ba shi ruwa, da yawansu ba su zauna ƙarƙashinsa ba. Tun 1975 Nijar ta mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace. Kada mu bar ta ga ma'aikata kaɗai. Duk wanda ya tsaga gungume ɗaya, ya dasa biyar a gefen gonarsa, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Turare da dogon yaro suna sake tohowa daga kututture. A bar toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a cire sauran. Masu haƙar muruci kuma su riƙa barin wasu ƙwallaye a ƙasa, domin kowane muruci giginya ce da ba a bari ta girma ba.

Idan iska ta kayar da itace a unguwarku damina mai zuwa, ku dakata da gatari. Ku sanar da ma'aikatan gandun daji, ku auna gungumen, ku nemi wanda ya iya aikin. Rassa sun isa murhu. Gungumen kuwa a mai da shi benci.